Ƙwan Fitilar Tebur na Huɗu

Litinin, hutun rana

An dawo mana da kwali uku yau. Manaja da kansa ya tsaya a bakin sito ana sauke su, mutumin da ko gaisuwa ta taga yake amsawa. Ina ganin haka na san ba lafiya ba.

Baturanmu ne, da lambarmu a jiki. Na injin taimakon numfashi ne, irin wanda ƙananan asibitoci ke dogara da shi in an ɗauke wuta. Ƙorafin guda ne: injin yana nuna saura kashi arba'in, nas ta juya baya, sai ya mutu ɗif.

Rediyo, mai tebur na uku, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ta ce a ɗaya daga cikin asibitocin akwai jariri a kan injin. Na ce mata, to sai me ya faru? Ta ce ita ma iya nan aka gaya mata. Ban taɓa ganin Rediyo ta yi shiru ba a roƙe ta ba sai yau.

Na kasa cin abincina. Yaya ta cinye nata, ta ce in miƙo nawa kada ya lalace.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta aikin daki-daki, ko zan ga ƙofar da kuskure zai shigo.

A cikin kowane batir akwai ɗan allo, bai wuce farcen babban yatsa ba. Shi ne ma'aunin caji. Yana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ke gaya wa nas saura nawa. In yana sabo bai san komai ba, mu ne malamansa. Mu shida ne a ɗakin saiti, kowace da teburinta. A ɗauko batir, a zaunar da shi a kan ƙusoshin tagulla, a duba kwamfuta ta rubuta ya zauna daidai, a danna maɓalli. Darasin farko shi ne sifili, wato ya san yadda ake ji lokacin da babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita. Sai sauran su biyo baya. Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya in ya ci, biyu in ya faɗi. A manna takarda, a ɗauko na gaba, haka har a tashi.

Ina kuskure a nan? Ko akuya aka zaunar za ta iya. Ni ina tebur na biyu, Yaya tana na huɗu, kuma ita ta koya mini aikin, kamar yadda ta koya mini wanka da ɗaurin ɗankwali bayan rasuwar Mama.

Talata, da yamma

Ba a dawo da komai ba yau. Alhamdulillahi.

Laraba, da yamma

Kwali biyu.

Alhamis, hutun rana

Injiniya ta tara mu kafin a kunna injuna. Yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, amma kanta yana ja, kuma tun Litinin ba na jin ta yi barcin kirki. Ta ce ta bi lambobin baturan da aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Duka daga tebur na huɗu suka fito.

Yaya ta miƙe tsaye kamar an kira sunanta a aji.

Injiniya ta ce, "Zauna, Anti. Ba ke nake zargi ba, teburin nake zargi." Sannan ta juyo gare mu. "Ku ɗauka randa ce, an sa mai gadi ya riƙa ƙirga ruwan da ake ɗiba. Ranar da ake koya masa aiki randar tana ɗigo, aka ce masa wannan ba zuba ba ce. To har abada ba zai ƙirga ɗigon ba. Randa za ta bushe yana rantsuwa akwai ruwa. Abin da ya sami baturan nan ke nan. Wani abu yana shan caji a daidai lokacin da ake koya musu sifili. Ɗan kaɗan ne, amma ya isa. Akwai wadda ta taɓa ganin wani abu maƙale a teburin nan wanda ba na kamfani ba?"

Na dubi Rediyo, tana duba farcenta. Na dubi ta tebur na biyar, tana gyara safar hannu. Mu shida, babu wadda ta yi ko tari.

Injiniya ta jira, ta jira, ta ce to, Allah ya ba mu sa'a, mu koma aiki.

Alhamis, da yamma

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, da asuba

Idon Yaya yana tafiya. Na rubuta, ƙasa ba ta tsage ba.

Tun bara ya fara. Likita ya ce jijiyar ido ce, ana iya rage mata gudu amma ba a dawo da abin da ya tafi. Ta gefe ba ta gani kwata-kwata, ta gaba kuma ƙananan rubutu sun gagare ta. Hannunta dai babu irinsa a ɗakin saiti, kunnenta yana rarrabe ƙara ɗaya da biyu ko ana hayaniya. Layi ɗaya tak ya hana ta sakat, wanda kwamfuta ke rubuta cewa batir ya zauna daidai.

Mu muka je wa mai gyaran injuna, wanda muke kira Sifana, da maganar. Washegari ya kawo ɗan ƙwan fitila kore, kamar ƙwayar wake, da wayoyi biyu masu baki. In Yaya ta maƙala shi a teburin, batir na zama daidai sai ƙwan ya yi haske, ta danna maɓalli. Kafin a tashi ta cire shi ta jefa a jaka. Mun yi murna ranar kamar an yi mana ƙarin girma. Rediyo har lemo ta saya wa Sifana, ita da ko ruwa ba ta ba mutum sai da labari.

Mu bakwai, da mai gyaran, babu wanda ya tambaya daga ina ƙwan nan yake shan wutarsa.

Juma'a, da yamma

A hanyar dawowa na yi mata maganar. Muna tsaye muna jiran mota, na ce, "Yaya, abin nan na jakarki."

Ta ce, "Wane abu?"

"Kin san shi."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɗan mitsitsin nan? Auta, ko sauro bai isa ya kashe ba. Yarinyar nan tana lalube ne kawai, gobe za ta ce wani abin daban."

Na ce in ba shi ba ne, me ya sa tun jiya ba ta fito da shi ba?

Ta ce mota ta zo. Motar ba tamu ba ce, amma na bar ta ta taka har bakin ƙofa kafin na riƙo gyalenta.

Asabar, bayan azahar

Babu aiki, amma Injiniya ta shiga ita kaɗai ta kwance tebur na huɗu ƙusa-ƙusa. Rediyo ce ta kira ni ta gaya mini. Ta ce an gwada, an sake gwadawa, teburin lafiyarsa lau. Ta ce, "Kin ga Allah ya rufa asiri."

Na ce mata amin. Bakina ne ya faɗa.

Lahadi, da safe

An ɗauke wuta ina guga. Na tsaya da dutsen guga a hannu har ya huce, ina tunanin a wani wuri yanzu haka wata nas ta leƙa injin, ta ga lamba, hankalinta ya kwanta.

Litinin, hutun rana

Yaya tana aiki babu ƙwan. Da yatsa take laluben ko batir ya zauna, ta danna da bismilla. Ƙara biyu, ƙara biyu, ƙara biyu. Duk sanda ƙarar ta tashi sai kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai. Kwalinta bai kai rabi ba lokacin da namu suka cika, sai na ɗebo wasu na yi a teburina, ta tebur na biyar ma ta ɗebi wasu.

Wato yanzu abin da ke fita daga tebur na huɗu lafiyayye ne. Yaya ta ce mini, "Kin gani? An gyara, magana ta ƙare."

Ba ta ƙare ba. Na bara fa? Na farkon shekarar nan fa? Suna can a asibitocin da ban san sunansu ba, kowanne da takardar da hannun Yaya ya manna masa cewa ya ci.

Laraba, da yamma

An yi taro a ofis, ƙofa a buɗe, kuma muryar Manaja ba ta san hanyar ƙasa ba. Injiniya tana cewa a kira duk asibitocin a karɓo na tebur na huɗu. Shi kuma yana cewa da wane dalili, tunda ita da bakinta ta ce teburin lafiya yake? Wataƙila masu sayar mana da ƙwayoyin batir ne suka turo marasa kyau. Wataƙila asibitocin ne ke ajiye su cikin zafi. A rubuta wa masu ƙwayoyin, a jira amsa.

Ta ce amsar za ta iya ɗaukar watanni.

Ya ce, "To ki kawo mini dalili in riƙe a hannuna. Ba zan tayar da hankalin duniya a kan zato ba."

Na tsani mutumin nan tun ranar da na fara aiki, amma yau ban samu inda zan kama shi ba. Dalili yake nema. Dalilin yana cikin jakar Yaya, rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin saiti, tare da man shafawa da kuɗin mota.

Alhamis, hutun rana

Na tare Sifana a bayan ɗakin janareto. Tun ranar taron farko yake kauce mini, mutumin da da can sai ya tsokane ni sau uku kafin in sa rigar aiki.

Bai bari na gama ba. Ya ce, "Ƙanwata, na san abin da za ki ce. Na fi ki sanin abin da ƙwan nan ya yi, ni na haɗa shi. Tun ranar ban yi barci ba. Amma in kika buɗe baki, ni da yayarki ne a waje. Ni ina da yara, ita kuma wa zai ɗauke ta aiki da idon nan?"

Na ce, "Waɗanda ke kan injunan fa?"

Ya ce yawancin asibitoci suna da janareto, ba kullum ake kaiwa ga batir ba. Ya ce nas mai hankali ba za ta jira ya kai arba'in ba. Ya ce abubuwa da yawa, yana murza tsumma a hannu, bai dube ni ko sau ɗaya ba.

Juma'a, da yamma

Wayata ta nuna saura kashi arba'in. Na zabura na jona ta a caji. Yaya ta ce lafiya? Na ce lafiya.

Asabar, da safe

An ɗauke wuta.

Lahadi, da la'asar

An ɗauke, an kawo, an sake ɗaukewa.

Litinin, hutun rana

Kwali ɗaya, amma wannan karon da mutum ya zo. Wani dattijo ne daga asibitin da ya dawo da kwalin, ya shiga ofis, aka rufe ƙofa. Da ya fito Manaja ya raka shi har bakin titi yana ta sunkuyawa.

Rediyo ta matso kusa da ni za ta fara. Na ce kada ta gaya mini. Ta ce, "Mace ce, wai ta haihu ke nan..." Na ce na ce kada ta gaya mini.

Na shiga banɗaki na zauna har aka buga ƙararrawa.

Litinin, bayan magariba

Na same ta a kicin tana yanka albasa. Ko a nan hannunta ya fi idona, ba ta taɓa yanke yatsa ba. Na ce, "Yaya, gobe mu je wurin Injiniya tare. Ni zan yi magana, ke ki tsaya kawai."

Ba ta daina yanka ba. Ta ce in ba ta lokaci.

Na ce lokacin ba namu ba ne.

Sai ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Kin ɗauka ban ji abin da Rediyo ta faɗa ba? Kin ɗauka ina barci? Ni ma uwa ce, Auta, ɗana yana can da iyalinsa, na san yadda haihuwa take." Ta share fuska da bakin zane ta ce albasa ce. "Amma ki gaya mini, in na bar wurin nan, ni mece ce? A can ni ce Yayar kowa, sabuwa ta zo ni ake ba wa in koya mata. A gida me zan zama? Kayan da ake kewayewa. Ki bari in nemo yadda zan faɗa da bakina. Ki bar ni in fita da ƙafata."

Na ce yaushe?

Ta ce, "Kwanan nan."

Matar nan ta bar makaranta don in yi. Ta goya ni tana da shekarun da ita ma goyo ya kamace ta. Na dube ta na ji ina sonta, kuma na san kwanan nan ɗinta ba zai zo ba.

Talata, da yamma

Ba ta faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba.

Laraba, da yamma

Injiniya ta wuce ta gabana ɗauke da ƙwayoyin batir za ta gwada, alhali ba su da laifin komai. Ta rame. Ta ce mini sannu da aiki, na ji kamar ta mare ni.

Alhamis, hutun rana

Da safe ne. Yaya tana zaune a bakin gado tana shafa mai a ƙafa, jakarta tana kan kujera ta gefen hagunta, taku biyu tsakaninsu. Na shigo kamar ina neman tsintsiya. Na tsaya a daidai gefen da na san ba ta gani. Na yi tari, na ja zif ɗin a cikin tarin. Ƙwan yana nan a ƙaramin aljihu, naɗe cikin hankici, na zare shi. Na sake yin tari na rufe.

Ta ce, "Mura ce?"

Na ce ƙura ce.

Ta ce in sha ruwan ɗumi kafin mu fita.

Ina isa na wuce kai tsaye ɗakin gwaji, don na san in na sa rigar aiki ba zan iya ba. Na ajiye shi a gaban Injiniya. Ta juya shi a tafin hannu, ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauko sabon batir, ta maƙala ƙwan, ya kama kore shar, ta danna. Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya. Ta cire ƙwan ta auna, sai ta ɗora hannu biyu a ka.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na gaya mata. Na gaya mata dalili ma.

Ta ce, "Innalillahi. Da kun zo mini, ai ƙara girman rubutun kawai zan yi. Aikin minti biyar ne." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗan ne. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta a kan Anti, sannan ta kwasa da gudu zuwa ofis, takalminta ɗaya yana fita.

Alhamis, da yamma

An dakatar da aiki. Duk wanda ke da waya a ofis an sa shi kiran asibitoci: kada a yarda da lambar da injin ke nunawa, mota tana zuwa da wasu batura.

An kira Sifana, an kira Yaya. Injiniya ta yi magana har muryarta ta dishe, ina ji daga waje. Hakan bai hana komai ba, an sallame su.

Yaya ta fito ta lalubo jakarta a ƙusa, ta bi tebur-tebur ta yi wa kowa sallama, ta ce a yafe mata. Rediyo tana kuka kamar an yi mutuwa. Da ta zo teburina ta ce, "Ki gama aikinki, zan iya kai kaina." Ta kai kanta.

Asabar, da safe

Abin da ya kamata na yi. Na faɗa wa kaina haka a wanka, na faɗa a kan sallaya, na faɗa ina shara. Gaskiya ne kuma. Ban san gaskiya tana iya zama a ciki kamar dutse ba.

Litinin, hutun rana

Ni kaɗai na ci abinci. Ba wadda ta zage ni, sai dai in na zauna a benci kowa ta tuna tana da abin yi. Sun san an ceci mutane, ba su musa ba. Sun dai san kuma wadda ta sa hannu a jakar yayarta.

Motoci suna ta shigowa da baturan tebur na huɗu. Injiniya ta ce an samu yawancinsu. Na ce sauran fa? Ta ce ana nema.

Laraba, da yamma

A gida Yaya tana dafa abinci, tana wanke-wanke, tana ce mini sannu da zuwa kamar yadda ake ce wa baƙuwar da za ta kwana biyu ta tafi. Da ta zage ni, da ta jefe ni da murfin tukunya, da na samu sauƙi.

Ɗanta ya kira. Zai zo ranar Asabar ya tafi da ita wurinsu. Ba ita ta gaya mini ba, a bakinsa na ji.

Juma'a, bayan la'asar

Na tarar tana ninke kaya a akwati. Na durƙusa a gabanta na ce, "Yaya, ki yi mini magana. Ki ce na ci amanarki, ki ce komai."

Ta ci gaba da ninke zanen har ta gama, ta daidaita bakinsa. Sannan ta ce, "Ba ki ci amanata ba. Abin da na kasa ne kika yi, kuma na gode wa Allah da aka yi shi. Kullum sai na kwana da niyyar faɗa, in wayi gari ba ni da ƙafa."

Na ce to me ya sa za ta tafi?

Ta ce, "Na ji zif ɗin, Auta."

Na kasa ɗaga kai.

"Na ji kin shigo, na ji kin tsaya ta hagu. Na ce a raina, yanzu za ta ce, Yaya, zan ɗauka. Da kin faɗa, da ni zan ciro in sa miki a hannu, ko ina kuka. Ina zaune ina jira. Sai kika yi tari." Ta rufe akwatin. "Likita ya gaya mini, ban yarda ba. Kwamfuta ta gaya mini kullum, ban yarda ba. Ranar da ƙanwata ta tsaya taku biyu da ni ta yi tari, ranar na san na makance."

Ban sani ba ko da gaske za ta miƙo mini da na tambaya. Na tambaya ranar Litinin ɗin makon jiya, ta ce kwanan nan. Na so in tuna mata, bakina ya ƙi. Wataƙila ita ma ba ta sani ba, kuma yanzu babu yadda za a yi mu gwada.

Asabar, da hantsi

Ɗanta ya sauko da akwatin. A bakin matakala na miƙa mata hannu, ta gaba, inda na tabbata tana gani. Ta kama bango.